Walki, Takobi da Tsohon Hoto: Yadda Ake Tara Kayan Tarihin Kokowa a Madarunfa

A shekarar 1975 aka yi gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na farko a Tawa, zamanin mulkin Seyni Kunce, kuma ɗan jahar Maraɗi ne, Yakuba Ango da aka fi sani da Kantu, ya ɗauki takobi. Yau babban filin kokowa na Maraɗi da sunansa ake kiran sa. Suna dai ya tsira. Amma zaga Madarunfa, ko Safo, ko Gabi, ko Ɗan Isa, ka tambayi walkin da 'yan kokowar wancan zamani suka ɗaura, ko hotunan da aka ɗauke su, ko kaset ɗin da aka naɗi kirarinsu. Amsar da za ka fi ji ita ce gara ta ci, ko ruwa ya ɓata, ko yara sun yi wasa da shi har ya salwanta.

Wannan jagora ta mai son ya tara irin waɗannan kaya ce, ya adana su yadda za su kai ga jikoki. Ba ta buƙatar jari mai yawa. Littafin rubutu, fensir, akwatin ƙarfe, wayar da ke ɗaukar hoto da murya, sai haƙurin zama gaban tsofaffi.

Kafin ka fita nema, ka yanke wa kanka iyaka. Wanda ya ce zai tara komai, daga rigar Real Madrid har zuwa ƙahon ɗan dambe, ƙarshenta tarkace zai tara. Ka ce, misali, kayan 'yan kokowar gundumar Madarunfa kaɗai nake so. Ko duk abin da ya shafi gasar takobi a shekarun da Maraɗi ta karɓi baƙuncinta. Ko tarihin mutum ɗaya, tun daga kokowar dandali bayan girbi har ranar da ya shiga cikin goman da ke wakiltar jaha. A ganina na farkon ya fi riba. Zakarun da suka ɗauki takobi, irin su Kantu, da Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadri Abdu da ake kira Isaka Isaka, jarida da talabijin sun riga sun riƙe labarinsu. Wanda ba kowa ke riƙe da nasa ba shi ne gwanin da ya gagari ƙauyuka goma, ya kai zaɓen gunduma, aka kayar da shi a Maraɗi, ya koma gonarsa. Irinsa sun fi yawa, kuma kayansu ne ke ɓacewa da wuri.

Shiga gidan mai kaya

Ba a zuwa gidan tsohon ɗan kokowa da maganar ciniki a baki. Ka nemi wanda ya san shi ya yi maka iso, makaɗinsa na da ko wani abokin zamansa, in ƙauye ne kuma ka fara gaida mai gari. Ka tafi da goro. Ka yi sallama, ka zauna ƙasa, ka ce: "Baba, labarin zamaninku na zo ji." Ranar farko labari kawai za ka nema, tare da izinin naɗar muryarsa a waya. Shi da kansa, in hira ta yi daɗi, zai aika a ɗauko masa jakar da ke rataye a ɗaki.

Abin da zai fito daga jakar nan iri biyu ne, kuma dole ka bambanta su. Akwai walki, bante, rigar da jaha ta raba wa tawaga, takardar yabo, lambar girma, hoto, katin shiga fili. Waɗannan ana iya bayar da su kyauta, ko aro, ko a sayar. Akwai kuma layu, guraye, kambu da ƙaho. Waɗannan kada ka fara tambayar kuɗinsu, kada ka kai musu hannu sai an miƙo maka, kuma ko an ba ka, ba a farke laya don a ga abin da ke ciki. Ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba, a wurin mai su sirri ne, kuma layar da aka farke ta tashi daga kayan tarihi ta koma tsumma da takarda. In ya yarda ka ɗauki hotonsu a kan tabarma, ya wadatar.

Idan mai kayan ya rasu, to kayansa gado ne. Ɗa ɗaya ba ya sayar maka da walkin ubansa a bayan idon sauran magada. Ka jira a taru, ko babban wa ya yi magana da yawun kowa a gaban shaidu biyu. Masu gaggawa sukan tsallake wannan mataki, daga baya su sha kunyar mayar da kaya.

Sau da yawa iyali ba za su rabu da hoto ba, kuma suna da gaskiya. Ka roƙi aro na yini ɗaya, ka kai Maraɗi a yi maka sikanin, ka wanko biyu, ka dawo musu da nasu tare da sabo guda. Ka mayar a ranar da ka ce. Gidan da ka cika wa alkawari shi zai tura ka gida na gaba.

Littafin shaida

Nan ne aikin yake. A watan Mayun 2022 kamfanin gwanjon Sotheby's ya sayar da rigar da Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na gasar cin kofin duniya ta 1986, a kan fam miliyan 7.1. Riga ce shuɗiya wadda, in an tsinta a dilar gwanjo ba bayani, jika biyu ta yi mata yawa. Abin da aka saya shi ne shaida: an san cewa ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya karɓe ta daga hannun Maradona bayan wasan, ta kasance mallakarsa kusan shekara 36, kuma da 'yar Maradona ta ce ba ita ce rigar da ya ci ƙwallayensa da ita ba, sai aka kafa hujja da gwajin da aka yi wa zare da ɗinkinta da hotunan ranar. Ba ina cewa walkin Madarunfa zai yi irin wannan kuɗi ba. Kasuwar irin waɗannan kaya ba ta kafu a nan ba, kuma mai shiga harkar don riba gara ya sayi awaki. Amma ƙa'idar ɗaya ce: walkin da ba a san na wane ne ba, fata ce kawai.

Saboda haka kowane abu ya shigo hannunka, a ranar za ka ba shi lamba, ka buɗe masa shafi. Ka rubuta mene ne shi, da girmansa da launinsa. Na wane ne, da sunan yanka da na kokowa da garinsu. A wace gasa ko wane karo aka yi amfani da shi. Daga hannun wa ka karɓa, ran nawa ga wata. Kyauta ne, saye ne ko aro. Su wa suka shaida. Da halin da ka same shi, in akwai yagewa ko tsatsa. Ka rubuta lambar a 'yar takarda mai kauri ka ɗaura da zare, kada ka zana ta a jikin kayan. Sannan ka ɗauki hoton mai kayan riƙe da abin, ka naɗi muryarsa yana faɗin labarinsa da bakinsa. Tsofaffi da yawa ba sa rubutun boko. Sa hannu da ajami, ko dangwale da babban yatsa a ƙasan shafin, shaida ce cikakkiya.

Ka ware abin da ka tabbatar da abin da aka gaya maka. In Baba ya ce da wannan walki ya kayar da wane, ka rubuta "in ji shi", sannan ka nemi makaɗi ko wani ɗan kallo na lokacin ka ji ta bakinsa. 'Yan kokowa ba su cika tuna ranar da aka kai su ƙasa ba.

Shekara ita ce ke ba da wahala, domin tsofaffi da abin da ya faru suke lissafi, ba da lamba ba: shekarar fari, shekarar da aka naɗa wane, zamanin Kunce. Amma hoto yakan faɗi shekarunsa in ka iya duba bayan mutanen da ke ciki. Hoton shugaban ƙasa da ke rataye a rumfar manyan baƙi alama ce: Kunce ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, Ali Shaibu daga 1987 zuwa 1993, Tanja Mamadu daga ƙarshen 1999 zuwa 2010. Tallan kamfanonin waya ya fi wannan ma daidaito. In ka ga Celtel a kan allo ko a ƙirjin riga, hoton bai wuce 2008 ba, domin a shekarar sunan ya koma Zain. Zain kuma ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo Nijar a 2008, aka sayar da shi a 2019, daga baya sunan Zamani ya maye gurbinsa. Hatta takardun sefa da aka liƙa wa gwani a goshi suna magana, tunda an fito da sababbi a 2003, aka janye tsofaffin a 2004.

Akwai wani tarko. Kada ka lissafa shekara daga lambar karon gasa. Da kowace shekara aka yi ta tun 1975, da ta 2023 ita ce karo na 49. Amma wadda aka yi a Agadas a watan Disamban 2023, inda Isaka Isaka ya ɗauki takobinsa na shida, karo na 44 ce, saboda akwai shekarun da ba a yi ba. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan gasar kan faɗo a ƙarshen shekara, har mutane su riƙa rikita ta da shekarar da ke biye. Abin dogaro shi ne tsofaffin fitowar jaridun Le Sahel da Sahel Dimanche, waɗanda ke kawo rahoton gasar, da kuma tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka yi sharhinta kai tsaye.

Abokan gaba huɗu

Gara, damshi, rana da ɓera. Madarunfa tana bakin tabki, ga Gulbin Maraɗi kusa, don haka damshin damina a nan ya fi na garuruwan tudu, kuma ambaliyar 2024 da ta rusa gidaje da yawa a jahar ta nuna cewa ƙasan gado ba ma'aji ba ne. Akwatin ƙarfe za ka samu mai rufewa ruf, ka ɗora shi a kan tebur ko bulo, ka janye shi daga bango kamar taƙi ɗaya, tunda ta bango da ƙasa gara ke biyowa. Ka zuba busasshen ganyen bedi a ƙullin ƙyalle ka sa a kusurwa. In kafur za ka sa, shi ma a ƙulle, kada ya taɓa kayan. 'Yan ƙullin nan masu tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka daina zubar da su, nan ne wurinsu. Leda kuwa ka guje ta: tana kulle gumi a ciki, fumfuna ta samu gida. Da damina ka buɗe akwatin duk wata, ranar da gari ya bushe, ka baza kayan a inuwa su sha iska.

Fata ta fi komai son kulawa. Walki yakan bushe da hunturu har ya karye a inda aka ninke shi, ya kuma yi fumfuna da damina. Kada ka ninke shi; ka shimfiɗa shi, ko ka naɗe shi sako-sako a kan ƙyallen auduga. In fumfuna ta fito, ka goge da busasshen tsumma a waje, ka bar shi a inuwa. Kada ka wanke, kada ka shanya a rana. Mutane sukan yi saurin shafa man kaɗe ko man gyaɗa don ya yi laushi. Mai yana baƙanta fata, yana kama ƙura, yana kuma kiran ɓera da kiyashi. In ta bushe ƙwarai, kai wa baduku tsoho ya duba. Ƙasar da ta yi suna da fatar jar akuya ba ta rasa wanda ya san hannunta ba. Ka dai gaya masa gyaran da zai hana lalacewa kake so, ba sabuntawa ba. Tuntayen da suka zube, da tabon ƙasar fili, duk cikin tarihin suke.

Takobi ko wani kambun ƙarfe da aka ba gwani a gasar gari ko ta gunduma, tsatsa ce matsalarsa, kuma kuben fata yana riƙe damshi a jikin ƙarfe. In ajiya mai tsawo ce, ka zare shi, ka shafa masa man keken ɗinki kaɗan da ƙyalle, ka naɗe shi daban, kuben daban. Kada ka kai wa maƙeri ya wasa, kada ka goge da yashi ko samfefa don ya yi ƙyalli. Rubutun da aka zana a jiki shi ke fara tafiya. Bayan an taɓa ƙarfen da hannu a goge, saboda gumi gishiri ne.

Hoto da takarda su ne aka fi kashewa da kyakkyawar niyya. Kada ka kai su a manne da roba mai zafi irin ta katin shaida: zafi da gam suna shiga takardar, kuma ba a ɓarewa har abada. In kana son na nuna wa mutane, kwafin za ka manne. Kada ka liƙa yagewa da salatif, domin bayan 'yan shekaru zai zama ruwan ƙasa ya bar tabo. Kada ka rubuta a bayan hoto da biro; fensir mai taushi, a gefe, ba dannawa. Tsakanin hoto da hoto ka sa farar takarda. Wanda ya manne da gilashin firam, ka bar shi yadda yake, ka ɗauki hotonsa ta saman gilashin. In ruwa ya jiƙa hotuna irin na wanki, ka raba su tun suna jiƙe, ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka shimfiɗa su fuska sama a inuwa. In suka bushe a manne, shi ke nan. Tikiti irin na inji, mai santsi, rubutunsa yana gogewa da kansa ko an ɓoye shi, don haka ranar da ka same shi ka yi masa kwafi. Jarida kuma a shimfiɗe ake ajiye ta, da shafin gaba ɗaya, don kwanan wata ya fito. Wanda ya yanke hoton kawai ya jefar da rabin shaidar.

Rana tana cinye launi a hankali. Fastar da aka kafa a shagon aski ko teburin mai shayi, kafin shekara ta zagayo ta koɗe. Ajiya cikin albam ta magance wannan, ta kuma kawar da saɓani da mutanen gida waɗanda ba sa son a rataye hoton mutum a bango.

Kaset ɗin kiɗan kokowa, irin na Sagalo da sauran makaɗan fili, da na sharhin rediyo da wani ya naɗa a gida, su ne suka fi kusa da bakin kabari, domin rediyon da ke juya su ma yana ƙarewa. Ka nisanta su da lasifika da zafi, ka ajiye su a tsaye. Kafin ka sa tsohon kaset a inji, ka juya shi da biro daga farko har ƙarshe don zaren ya saki, kuma ka fara gwada injin da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. Masu ɗura waƙoƙi a kasuwa da ma'aikatan gidajen rediyo na Maraɗi suna iya mayar da shi cikin kwamfuta. Bayan an juye, kada ka yar da kaset ɗin, kuma ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin kwalinsa.

Abin da ke cikin waya ma ba a tsare yake ba. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katin memori yana mutuwa ba sallama. Kowane hoto da murya su zauna wuri uku: wayarka, filas ko kwamfuta a wani gida daban, da ma'ajiyar intanet. In za ka tura hoto ta WhatsApp don ajiya, ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta rage masa kyau. Sunan kowane fayil ya fara da lambar da ke cikin littafinka.

In ƙwallo ce ta fi ja maka rai

Hanyar duk ɗaya ce, sai dai jabu ya fi yawa. Abubuwan da suka cancanci nema suna nan: duk abin da ya shafi ranar 10 ga Oktoban 2010, da Mena, tawagar Nijar, ta ci Masar ɗaya da nema a filin Seyni Kunce na Yamai da ƙwallon Musa Ma'azu, zuwan Nijar gasar cin kofin Afirka karo na farko a 2012, da na biyu a 2013 inda ta samu makinta na farko a canjaras da Kwango, tsofaffin hotuna da katunan 'yan wasan Jangorzo da Ɗan Kasawa na Maraɗi. A wajen ƙwallo akwai tagullar da Isaka Dabore ya ciyo a damben zamani a gasar Olamfik ta Munich a 1972, da azurfar Abdul Razak Alfaga a ta Rio a 2016. Jaridar ranar ko fastar tarbarsu abin ajiyewa ce.

Rigar da ke rataye a kasuwa, ko da sunan ɗan wasa a bayanta, rigar 'yan kallo ce, kuma mafi yawansu kwaikwayo ne. Ta manyan kamfanoni irin su Nike da adidas tana da 'yar lamba a ƙaramin ƙyalle daga ciki. Ka buga lambar a intanet, in ta fito da wata riga daban, ka san inda aka dosa. Amma ko ta gaske ce, wannan bai nuna an buga wasa da ita ba. Shaidar hakan sai daga bakin ɗan wasan ko mai kula da kayan ƙungiya, da hoton ranar. In ka samu irin wannan, kada ka wanke ta, kada ka yi mata guga, kada ka rataye ta a ƙusa. Ka sa farin ƙyalle a kan lambar kafin ka ninke, domin zafin bazara yana narkar da ita ta manne da jikin rigar. In za a sa maka hannu a kai, wani ya ɗauki hoto lokacin da ake sawa, da fuskar mai sawar a ciki.

Fitar da kaya gaban jama'a

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da ake zaɓen 'yan kokowar da za su je jaha, ko cikin kwanakin gasar takobi da kowa ke manne da rediyo. Ka nemi aji ɗaya a makaranta ko zauren mai gari, ka baza kwafin hotuna da bayani a ƙarƙashin kowanne da Hausa, na asali kuma su zauna a tebur inda ba a taɓawa. Ka ajiye yaro da littafi a bakin ƙofa, domin a irin wannan rana ce wani zai nuna hoto ya ce wannan na tsaye a hagu kawunsa ne, ya faɗi sunansa da garinsu. Ka rubuta nan take, da sunan wanda ya faɗa.

Tun kana da lafiya ka rubuta a shafin farko na littafin wanda zai riƙe akwatin bayanka, ka sanar da iyalinka a gaban shaidu, ka kuma ware kayan aro da sunayen masu su don kada a raba su cikin gado. In babu mai sha'awa a gida, ka tuntuɓi gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, ko Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ka ji ko za su karɓa da kuma sharuɗɗansu. Duk inda kayan za su, littafin ya bi su, kwafinsa ɗaya kuma ya zauna a Madarunfa.